TAMBAYA BA RAINI BA CE

Duk wanda ya san Kamazou a shekarun baya, lokacin da gonakin 'yan'uwanmu Gbagyi suka fi gidaje yawa, in ya bi ta hanyar Yakowa a yau sai ya riƙe baki. Tun bayan rikicin shekarar 2000, da jama'a suka yi ta ƙaura zuwa kudancin Kogin Kaduna, unguwannin wannan gefe suka cika suka batse, daga Sabon Tasha zuwa Mahuta, daga Narayi zuwa Janruwa. Inda jama'a suka taru kuwa nan sana'a take. Ga makarantun kuɗi, ga ƙananan asibitoci da shagunan magani, ga masu buga bulo da masu sayar da siminti da rodi, ga gidajen kiwon kaji, ga kuma majami'u da ake ta ɗagawa da gumin masu bi. Yawancin masu waɗannan sana'o'i da ma'aikatansu mutanenmu ne, tare muke zama a benci ɗaya ranar Lahadi.

Kuɗin wannan hada-hada kuwa sun bar aljihu sun koma waya. Ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon 2023 ya koya wa ko da tsohuwa mai sayar da tumatir karɓar kuɗi ta asusun banki. Yau har baiko da zakka da alkawarin gini akan tura su ta waya. Ba mu ga aibin haka ba, gama ya hutar da ma'aji ɗaukar jakar kuɗi zuwa banki ranar Litinin yana waige-waige. Sai dai ɓarawo ma ya bi kuɗin inda suka koma. Mun ɗaga katanga, mun ɗaura mata waya mai ƙaya, mun ɗauki maigadi, alhali ƙofar da ɓarawon yau yake bi tana cikin aljihun akawu da ma'aji.

Ra'ayinmu a wannan mako ya shafi irin damfarar nan da ake ɗana wa mutum ɗaya takamaimai, watau wanda yake riƙe da kuɗin kamfani ko na makaranta ko na ikilisiya. Maganarmu guda ce. Kada kuɗin jama'a su motsa bisa ga saƙo kaɗai, ko da sunan wa ya zo, sai an tabbatar ta wata hanya dabam. Wannan ƙa'ida kuwa ba za ta tsaya ba sai manya, da masu kamfani da shugabannin ikilisiya, sun buɗe baki sun ba na ƙasa da su izinin tambayarsu.

Mai taru da mai mashi

Masana harkar kwamfuta suna kwatanta wannan damfara da kamun kifi, kwatancin kuwa ya dace. Akwai mai jefa taru, wanda yake tura saƙo iri ɗaya ga dubban mutanen da bai sani ba, ya ce an rufe asusunka, ko ka ci kyauta, ko gwamnati tana raba tallafi, sa'an nan ya jira wanda tsautsayi zai faɗa wa. Wannan kam yawancinmu mun gane shi, har dariya muke yi masa. Akwai kuma mai mashi. Shi ba ya gaggawa, yakan tsaya a bakin ruwa ya zaɓi babban kifi ɗaya, ya lura da inda yake kiwo da lokacin da yake fitowa, kana ya soka sau ɗaya.

Mai mashi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tsakanin 1995 da 1998, zamanin wasiƙa da wayar tarho, Emmanuel Nwude ya yi shigar Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, shi da abokansa suka sa wani jami'in bankin Noroeste na ƙasar Brazil ya yi ta biyan kuɗin kwangilar filin jirgin saman da babu shi, har Dala miliyan 242. Sai a 2005 kotu ta ɗaure shi bayan hukumar EFCC ta gurfanar da shi. Abin da ya sake a yau shi ne sauƙin aikin. Abin da a da sai an buga takardun jabu an yi tafiye-tafiye, yanzu yaro da waya a ɗaki ɗaya ya isa.

Kafin ya soka, sai ya san mu, mu ne kuma muke sanar da shi. Takardar shirin sujada tana ɗauke da sunayen dattawa da lambobin wayarsu. Katin gayyatar gidauniyar gini ya faɗi shugaban kwamiti da ma'aji da adadin da ake nema. A Facebook mun sa hoton mai makaranta a filin jirgi, mun rubuta cewa Mama ta tafi sai bayan mako biyu. Allon da ke bakin gini ya faɗi sunan ɗan kwangila. In ya haɗa waɗannan, ya san wanda yake ba da umarni, da wanda yake biya, da wanda ake bi bashi, da kuma ranar da mai gida ba ya nan. Saƙon da zai rubuta ba zai yi kama da na baƙo ba, zai yi kama da na gida.

Abin da ya sami waɗansu

Kamfanin Unatrac da ke Ingila yana sayar da manyan motocin Caterpillar, watau irin katafilan da muke gani suna aikin hanya. A watan Afrilu na 2018 babban jami'in kuɗi na kamfanin ya sami wasiƙar imel mai ɗauke da wani rubutu da aka ce ya latsa. Da ya latsa, sai ga shafi kamar na Microsoft da ya saba shiga kullum, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. Ashe shafin na jabu ne. Daga wannan rana ɓarayi suka mallaki akwatin wasiƙunsa. Binciken hukumar FBI ta Amurka ya nuna cewa sun shiga akwatin sau 464 cikin kimanin mako biyu, yawanci daga Nijeriya. Suka karanta wasiƙunsa, suka kwashi samfurin takardun neman biya na kamfanin, suka shiga aika wa ma'aikatan sashen kuɗi umarni da sunansa. Har suka shirya akwatin yadda duk amsar da ma'aikata suka maido za ta ɓuya a wani lungu, mai akwatin ba zai gani ba. Ma'aikatan nan suka biya har sau 15 ko kusa da haka, kusan Dala miliyan 11 suka salwanta. Wanda aka kama da hannu a ciki, Obinwanne Okeke, saurayi ne da mujallar Forbes ta Afirka ta sa cikin jerin matasan 'yan kasuwa abin koyi a 2016. An kama shi a Amurka a watan Agusta na 2019, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 a watan Fabrairu na 2021. A lura, babu wanda ya fasa ƙofa, babu wanda ya nuna bindiga. Ma'aikata masu biyayya ne suka tura kuɗin da hannunsu, domin umarnin ya fito daga akwatin Oga na gaske.

Kada ikilisiya ta ce wannan matsalar 'yan kasuwa ce. A 2019 Ikilisiyar Katolika ta Saint Ambrose da ke garin Brunswick a jihar Ohio ta Amurka tana cikin aikin gyaran majami'arta. Ranar Laraba ta Mako Mai Tsarki, ana shirin bikin Ista, sai kamfanin da yake aikin ya bugo waya yana tambayar dalilin da ya sa wata biyu ba a biya shi ba. Mutanen ikilisiya suka yi mamaki, gama a littafinsu sun biya, ga shaidar banki. Da aka bincika sai aka tarar 'yan damfara sun kutsa akwatin imel na ma'aikatan ikilisiya biyu, suka sa aka gaskata cewa ɗan kwangila ya sake banki. Kuɗin gini Dala miliyan 1.75, gudummawar masu bi, suka faɗa asusun ɓarayi. Da wani ya ɗaga waya sau ɗaya ya tambayi ɗan kwangila ko da gaske ya sake asusu, da labarin ya sha bamban. Majami'u nawa ne a Kamazou da kewaye suke cikin gini a yanzu, su nawa ne kuma cikinsu suke da dokar yin wannan tambaya?

Ilimin kwamfuta ma bai hana ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani mutumin ƙasar Lituweniya ya buɗe kamfani mai suna irin na Quanta, wani kamfanin Taiwan da yake yi wa Facebook da Google aiki, ya yi ta aika musu takardun neman biya, suka biya shi fiye da Dala miliyan 100. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai ta karɓi ƙorafi fiye da 21,000 a kan irin wannan damfara ta imel ɗin kasuwanci, hasarar ta kai kimanin Dala miliyan 2,900. A nan gida, kamfanin NIBSS mai daidaita tura kuɗi tsakanin bankuna ya ba da rahoton cewa abin da zamba ta cinye a harkar banki ya haura Naira miliyan dubu 52 a 2024. Waɗannan su ne waɗanda aka kai ƙara, ban da masu haɗiye baƙin cikinsu saboda kunya.

A unguwanninmu mashin ya fi zuwa ta WhatsApp. Wani zai bugo waya da ladabi, ya gaishe ka cikin sunan Ubangiji, ya kira sunan ƙungiyarka daidai, ko Zumuntar Mata ko ƙungiyar mawaƙa ko kwamitin gini. Ya ce za a yi taron addu'a ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida ta shiga taron, ka karanto masa domin ya sa sunanka. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da ka karanta, wayarka ta fita, tasa ta shiga. Nan take ya zama kai, da hotonka da sunanka da dukan ƙungiyoyin da kake ciki. In kai Fasto ne ko mai kamfani, ma'aji zai ga saƙo daga lambarka ta gaske: ina cikin taro ba zan iya ɗaukar waya ba, a tura wa mai rodi Naira dubu 800 yanzu a wannan sabon asusu kafin kuɗin kaya ya tashi, zan yi bayani in na fito. Ma'aji ya san ana gini, ya san ana bukatar rodi, ya san Baba yana taro. Kome ya yi daidai, sai dai mai maganar.

Inda bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Abin baƙin ciki shi ne, tsagar bangonmu tana daidai wurin da muke alfahari da shi, watau ladabi. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya maimaita wa babba magana. In Oga ya ce a yi, sai a yi. In Baba Fasto ya aiko, wane ne kai da za ka ce ya tabbatar? Akawun da albashinsa yake ciyar da mutum takwas ya fi tsoron fushin mai gida a kan tsoron ɓarawon da bai taɓa gani ba. Mu faɗi gaskiya kuma, akwai manyan da suka saba aiko da umarnin kuɗi ta saƙon waya da tsakar dare, ba takarda ba bayani, wanda ya nemi bayani kuwa ya sha faɗa. Irin wannan shugaba shi ne ya share wa ɗan damfara hanya, domin ranar da na jabu ya zo babu abin da zai bambanta shi da na gaske. Ɗan damfara yana aiki da girman wanda ya ari sunansa, ya haɗa da gaggawa domin kada a sami lokacin tunani, ya ƙara da sirri domin kada a yi shawara. Duk saƙon kuɗi da ya zo da waɗannan tare, a ɗauke shi tarko sai an tabbatar ba haka ba ne.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san wannan dabara tun daga Farawa sura 27. Ishaku bai rasa shakka ba. Ya yi mamakin saurin dawowar mai farauta, ya ji murya ba ta yi masa daidai ba, ya shafa hannu, ya sake tambaya, ya sansana tufafi. Amma duk shaidar da ya gwada, mai ruɗin ne ya kawo ta, wadda ta san sirrin gida ce kuma ta shirya ta. Bai kira wani dabam ya duba masa ba, bai kuma dakata ba, alhali fitar Yakubu ke da wuya Isuwa ya shigo. Haka yake ga wanda ya sami saƙo ya yi shakka, sa'an nan ya mai da tambaya ta cikin saƙon, ko ya buga lambar da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Ɓarawon yake tambaya ko shi ɓarawo ne. A 1 Sarakuna sura 21 kuma, Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunan Ahab ta buga musu hatiminsa na gaske, dattawan garin Nabot suka aikata abin da ke ciki, ba a rubuta cewa ko ɗayansu ya tashi ya yi tambaya ba. Ran marar laifi ya tafi a kan hatimi.

Ishaku ma ya fi mu gata, gama shi murya ta gargaɗe shi. Yau har murya da fuska ana ƙirƙirarsu da kwamfuta. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya yi shakkar wani saƙo, sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya ga babban jami'in kuɗi da abokan aikinsa suna magana. Hankalinsa ya kwanta, ya tura kimanin Dala miliyan 25. Dukan fuskokin nan da muryoyin na jabu ne. Wa'azin limamanmu da yawa yana nan a intanet, ga murya ga hoto, ba abin da zai hana a kwaikwaye su.

Mun san wani zai ce, ashe ba amincewa da juna aka koya mana ba, yaya za mu mai da gidan Allah wurin zargi? Amsarmu ita ce, wanda ya tabbatar ba ya zargin Fasto, yana tsare sunan Fasto ne daga wanda ya sace shi. Manzo Bulus da kansa ya gargaɗi Tasalonikawa game da wasiƙar da za a ce daga wurinsa ta fito, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu gare su kuwa ya rubuta gaisuwa da hannunsa domin ta zama alamar da za su riƙa ganewa. Da aka tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, 2 Korantiyawa sura 8 ta nuna bai riƙe al'amarin shi kaɗai ba, ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗaya ma ikilisiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada a sami abin zargi. Ezra ya auna azurfa da zinariya na Haikali kafin a kama hanya, aka sāke aunawa a Urushalima aka rubuta. In manzo bai ɗauki shaida ta biyu raini ba, wane ne mu? Wani kuma zai ce jinkiri yana kashe ciniki. Buga waya minti biyu ne. Mai kayan da ba zai iya jiran minti biyu ba, ba ciniki ya kawo shi ba.

Abin da muke roƙo a yi

Da fari, mai kamfani ko shugaban majalisar dattawa ya tara ma'aikata ya faɗa da bakinsa, a kuma rubuta a littafin taro, cewa duk saƙon da ya zo da sunansa a kan kuɗi, wajibi ne a kira shi a ji daga bakinsa, ba kuwa zai yi fushi ba. Ranar da ƙaramar akawu ta bugo ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ga saƙo da sunanka, kai ne ka turo?" ya gode mata, ya kuma yaba mata a gaban sauran. Wannan rana ce za ta nuna ko dokar ta gaske ce.

Na biyu, a kira ta lambar da aka sani tun da, wadda take rubuce a littafin ofis, kiran waya na sosai ba na WhatsApp ba. In kuɗin suna da yawa, a tashi a je ido da ido. Daga Kamazou zuwa Sabon Tasha ko Kakuri kuɗin Keke ne kawai. In mai gida ya yi tafiya, a shirya wata kalma ko tambaya da su biyu kaɗai suka sani, wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba.

Na uku, sake lambar asusu shi ne babban tarko. Duk ɗan kwangila ko mai kawo kaya da ya ce ya sake banki, kada a biya sabon asusun a ranar. Ya kawo takarda da hannunsa, a kira shi a tabbatar, a duba sunan da ya fito a kan asusun ko na kamfaninsa ne ko na wani mutum dabam, a fara tura ɗan kaɗan ya shaida ya gani. Makarantu su ma su sanar da iyaye a rubuce tun farkon zango cewa asusun makaranta ɗaya ne, ba a kuma sake shi ta saƙon waya.

Na huɗu, hannu biyu a kan kowane biya. A zamanin cek ikilisiyoyinmu sun san wannan, sai mutum biyu ko uku sun sa hannu banki yake biya. Da aka koma waya sai muka bar kome a hannun mutum ɗaya, wani wurin ma kuɗin ƙungiya a asusun ma'aji na kansa suke kwana. A buɗe asusu da sunan kamfani ko ikilisiya, a nemi banki ya tsara shi yadda ɗaya zai shigar da biya wani dabam ya amince, a ƙayyade abin da zai iya fita a rana ɗaya, saƙon shiga da fitar kuɗi kuma ya riƙa zuwa wayar mutum fiye da ɗaya.

Na biyar, a sa wa imel da WhatsApp makulli na biyu. Dukansu suna da wurin yin haka kyauta, matasan ikilisiya za su iya nuna wa iyayensu cikin minti biyar bayan sujada. Lambar da aka turo wa wayarka, ko daga banki ko daga WhatsApp, taka ce kai kaɗai, babu ma'aikacin banki ko sakataren ƙungiya na gaske da zai ce ka karanto masa. Kada a shiga imel ko asusun banki ta rubutun da aka turo a ce a latsa. A riƙa duba adireshin mai aiko da wasiƙa harafi harafi, gama sau da yawa harafi ɗaya suke sakewa. A kuma rage baza lambobin ma'aji da labarin tafiyar shugabanni a inda kowa zai gani.

In kuwa abin ya riga ya faru, sauri shi ne magani. A kira banki nan take, a kuma je da ƙafa a nemi su sanar da bankin da kuɗin suka shiga domin a tsare asusun kafin a kwashe, gama ɓarayin nan cikin 'yan mintoci suke rarraba kuɗi. A ajiye saƙonnin, kada a goge. A kai ƙara wurin 'yan sanda da ofishin EFCC na Kaduna. A sanar da dukan ƙungiyoyi cewa an sace lambar wane. Ma'aikacin da ya faɗa tarko ya kuma faɗi da wuri, kada a wulakanta shi, domin in aka kori na farko, na biyu zai ɓoye har sai kuɗi sun yi nisa. Ga hukuma kuma muna cewa, sashe na 32 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar Naira miliyan 1 ga mai ɗana irin wannan tarko. A ganinmu tarar ta yi kaɗan in aka dubi darajar Naira a yau da kuma abin da ake sacewa, ya kamata 'yan majalisa su sāke dubawa.

Saura magana ɗaya mai ɗaci. Damfara ba ta da ƙabila ko addini. A watan Disamba na 2024 EFCC ta kama mutum 792 a gini ɗaya a Legas, 148 daga cikinsu 'yan ƙasar Sin ne. Amma in muka karanta sunayen matasan da ake gurfanarwa a kotunan Kaduna kan damfarar intanet, za mu tarar da sunayen da aka raɗa a majami'a. Mun san masaƙun Kakuri sun rufe, mun san akwai masu digiri da suke tuƙa Keke, duk da haka rashin aiki bai halatta sata ba. Yaron da ba shi da aikin da aka sani, ya wayi gari da mota da waya mai tsada, uwa ta yi guɗa, ranar godiya kuma a kira shi gaba a ba shi kujerar babban baƙo, me muka koya wa ƙannensa? Tambayar da muke roƙon akawu ya yi wa Oga, ita ce iyaye da dattawa za su yi wa ɗansu: ina ka samu? Kuɗin da aka raba wata gwauruwa da su a wata ƙasa ba za su zama tsarkakakku ba don sun shiga kwanon baiko.

Saboda haka muna kira ga majalisun dattawa, da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, da masu makarantu da asibitoci da shaguna a Kamazou da sauran unguwanni, kada taronsu na gaba ya tashi sai an karanta waɗannan ƙa'idodi an rubuta wanda zai kula da kowace. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuɗin da ke hannunmu amana ce, kuɗin makarantar marayu ne, albashin lebura ne, anini ne na gwauruwa, za mu kuwa ba da lissafinsu. Ubangiji ya ba manyanmu tawali'un karɓar tambaya, ya ba ƙananmu ƙarfin halin yin ta. Amin.